Kafin Ka Ɗauki Jaka Ka Nufi Abuja

Ƙannena, ku da kuka gama bautar ƙasa kuna jiran takardar aiki daga Abuja, ku zo mu zauna mu yi lissafi tukuna.

An ce maka albashi dubu ɗari da hamsin, har ka kira Hajiya ka yi mata albishir. Madalla, ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. To, a ina za ka kwana? Maitama da Asokoro ba namu ba ne, kowa ya sani. Ko a Gwarimpa, mai gida ba ya karɓar haya wata-wata. Na shekara yake so a dunƙule, wani ma har na shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga na ajiya ko da za ka fasa wani abu. Sai ka ce bari ka koma gefe, Mararaba ko Masaka ko Suleja, inda ɗaki ke da sauƙi.

A nan ne da yawa suke rufta. Mararaba a jihar Nasarawa take, Suleja kuma a jihar Neja, kullum sai ka tsallaka iyaka. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota kuma ya bi ta. Abin da ka rage a haya, kwandasta ne zai karɓe shi safe da yamma. Ga cunkoson hanyar shiga Abuja daga Nyanya zuwa mahaɗar AYA: ka fita da sallar asuba, ka dawo an idar da isha'i, a gajiye tiƙis. Yaushe za ka yi karatu, yaushe za ka nemi wata sana'a?

Don haka kafin ka ba dillali ko sisi, bi hanyar da kanka a ranar Litinin da safe, ba ranar Lahadi ba. Ka lissafa kuɗin motar kwanakin aiki 22 na wata, ka haɗa da haya, sannan ka kwatanta. Wataƙila ka ga gara ku haɗu ku uku ku kama ɗaki kusa da wurin aiki, ko ka nemi Kubwa inda jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo da shi a 2024 yake bi.

Ba abin kunya ba ne a ce a tabarma kake kwana a shekararka ta farko. Abin kunyar shi ne ka ci bashi a manhajar waya don ka kama gidan da za ka ɗauki hoto, su kuma su bi lambobin danginka da saƙon tozarci. Kuma don Allah, komai dare, je tasha ka hau mota. Ta bakin titi mai arha ita ce 'yan "wan cans", wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, suke yawo da ita.