Shekara uku suna zarar kuɗina, ranar da muzuruna ya kwanta suka ce tsohon ciwo ne

Jama'a wallahi yau raina a ɓace yake, tun azahar nake juya maganar nan a cikina har abincin dare na kasa ci, gara in amayar da ita ko na samu in rintsa. Duk wanda yake zaune a Ingila kuma yana da dabba a gida ya riga ya san inda na dosa, kamfanin inshora ne, su ɗin dai, masu murmushi ranar karɓa masu ɗaure fuska ranar biya.

Na san akwai mai cewa haba baiwar Allah, duk abin da ke damun duniya ki rasa na kuka sai mage? Toh ni dai an karantar da ni tun ina 'yar Islamiyya cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Abin da ka ajiye a gidanka amana ne a wuyanka, ko yana magana ko ba ya yi. Kwalli muzuru ne, fari da baƙi zagaye da idanunsa kamar an ranbaɗa masa, na wata tsohuwa maƙwabciyarmu ne da aka kai gidan kula da tsofaffi a ƙarshen 2022, 'ya'yanta suka ce za su miƙa shi gidan dabbobi, autata ta dinga kuka har sai da muka karɓe shi. Tun farkon 2023 na yi masa inshora don kowa sai ce min yake kar ki kuskura ki zauna babu, kuɗin likitan dabbobi a ƙasar nan sai ya tsiyata mutum. Na fara da fam 14 a wata, shekara ta zagayo suka mai da shi 22, yanzu 31 suke zara daga akawun ɗina duk ɗaya ga wata, ko minti ɗaya ba su taɓa makara ba. In ka tara ya haura fam 700, kuma ban taɓa neman sisinsu ba sai wannan karon.

Wani daren Talata ne wajen sha ɗaya, na dawo aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da shi yana shiga kwandon yashinsa yana fita, ya tsuguna ya yi ta nishi yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba, ko ɗigo ba ya fita. Na taɓa cikinsa na ji ƙasan ya yi tauri kamar ƙwallon lemo. Mafitsara ce ta toshe, abin da yake yawan samun mazan kyanwa saboda hanyar fitsarinsu siririya ce, kuma in ba a buɗe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda ta tsaya shikenan. Asibitinmu na unguwa a rufe, na'ura ce ta amsa ta ce mu tafi na dare, tafiyar minti arba'in, maigidan yana tuƙi ni ina rungume da kwali yarinya a baya tana ta Umma zai mutu? Umma zai mutu? Muna shiga kafin wani ya ko kalli dabbar aka miƙo min na'urar kati, fam 280 kuɗin ganin likita kawai. Aka sa masa robar fitsari, ƙarin ruwa, gwajin jini, kwana uku a kwance. Lissafi ya tashi fam 2,340. Suka ce su ba sa jiran inshora, ki biya tukuna sannan ki je ki nemi kuɗinki. Da katin bashi na biya, ni da nake gudun kuɗin ruwa kamar wuta, na rufe ido na danna saboda na ce ai kwana kaɗan ne za su mayar min. Har fam 25 asibitin suka ƙara caja ta wai ladan cike fom ɗin inshorar.

Ni a gidan tsofaffi nake aiki, fam 12.21 a awa. Ku buga lissafin, wajen awa 190 da ɗoriya ke nan, aikin awa sha biyu-sha biyu har sau 16, ina ɗaga mutane ina kwantarwa, tun ma kafin a cire haraji.

Sati biyar ina jira. Jiya da daddare imel ya shigo, layi huɗu, ba za su biya ba. Yau da hutun rabin awa ya zo na fita wajen ajiye motoci cikin sanyin nan na kira su, minti 26 ina sauraron kiɗa da wata murya tana maimaita min cewa kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Can wata ta ɗauka, ina jin tana tauna wani abu.

"Lambar inshora."

Na karanto mata.

"Suna."

Na faɗa.

"Me?"

Na sake faɗa a hankali.

"Jero min harafi-harafi."

Na jero. Ta ja wani dogon numfashi kamar na ɗora mata dutse a ka. Shekara uku kwamfutarsu tana karanta sunan nan tsaf ranar cire kuɗi, yau ne ya zama mai wuyar faɗa. Na danne na ce baiwar Allah ina so ne in ji dalilin da ya sa aka ƙi biyana.

"Ai an rubuta miki. Tsohon ciwo ne."

Na ce wane tsohon ciwo, shekara uku yana hannuna ko atishawa bai taɓa kai mu asibiti ba in ban da allurar rigakafi. Na ji tana danne-danne, ta ce a watan Maris na 2021 wani likita ya rubuta a fayil ɗinsa cewa an kawo shi yana yawan tsugunawa, mai yiwuwa kumburin mafitsara ne. Layi ɗaya. Mai yiwuwa. Na ce a 2021 ni ina Zariya, ban taɓa taka ƙasar nan ba, ban san da wannan muzurun a duniya ba, matar da ta kai shi asibitin yanzu ko sunan 'ya'yanta ba ta tunawa, ta ina zan san abin da aka rubuta?

"Mu dabbar muka yi wa inshora, ba ke ba."

Na ce to madalla, tunda dabbar kuka yi wa, me ya hana ku nemi fayil ɗin nata ranar da na zo da kuɗina? Ai yana nan a ajiye tun lokacin. Kun iya nemo shi cikin sati biyar da aka ce ku biya, amma shekara uku kuna karɓa ba ku ga ranar buɗe shi ba? Da kun faɗa min tun farko cewa duk abin da ya shafi fitsari babu ruwanku, da na san inda dare ya yi min, in tara kuɗina a asusu.

Shiru. Sai taunar nan. Sannan ta ce, a hankali, tana rarraba kalmomin kamar mai koya wa ɗan yaye magana:

"Yana shafi na 23. Kin karanta takardar kuwa? Ko akwai wani a gida da ya fi ki jin Turanci da zai karanta miki?"

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Minti goma muna magana da ita da yarenta, ban ce ta maimaita ko kalma ɗaya ba, ita ce ta kasa sunana. Sai da na ci jarrabawar Turanci kafin gwamnatinsu ta buga min biza. Ni nake karanta wa iyayensu da kakanninsu takardar magani, ni nake rubuta rahoton wanda ya ci da wanda bai ci ba, wanda ya faɗi da wanda ya kwana yana kiran ɗan da bai leƙo shi ba tun Kirsimeti. Turancina ya isa a damƙa min ran uwar wani, amma bai isa in gane an cuce ni ba ko? Sannu gwanar Turanci, sannu mai shafi na 23.

Na ce ki haɗa ni da na gaba da ke. Ta ce ba ya kusa. Na ce yaushe zai dawo. Ta ce ba ta da masaniya. Na ce ina so a rubuta ƙorafina a hukumance, ta ce za ta rubuta amma ba ta jin zai canza komai, sannan ta ɗora da abin da har yanzu yake min yawo a ka, wai ajiye dabba nauyi ne, ya kamata mutum ya duba ƙarfinsa kafin ya ɗauka. Ikon Allah. To inshorar da nake biya mece ce in ba duba ƙarfin ba? Sadaka nake ba ku? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, ku kun ci ladan kun lashe hannu kun ce ba ku da aska. Ta rufe da tambayata ko akwai wani abin da za ta taimaka min da shi yau, kafin in buɗe baki ƙit ta kashe. Ban kai ƙofa ba saƙo ya shigo wayata wai in ba su maki daga ɗaya zuwa goma kan yadda aka kula da ni. Na koma ciki na makara da minti tara, na goge idona a banɗaki na je na ba wata tsohuwa shayi.

Kuma ni ba yarinyar nan kaɗai nake jin haushi ba, ita an ba ta takarda ne tana karantawa, rashin kunyar ce kawai tata. Gwamnatin ƙasar nan fa? Cikin fam 2,340 ɗin nan fam 390 harajin VAT ne, kashi 20 cikin ɗari, wato muzuruna yana kwance da roba a jikinsa baitulmali yana cin rabonsa. Inshorar ma da nake biya duk wata akwai harajin kashi 12 a kanta. Tun 10 ga Yunin 2024 suka wajabta a Ingila a sa wa kowace kyanwa ɗan cif ɗin shaida a ƙarƙashin fata, in ka ƙi tarar da za ta iya kai fam 500 tana jiranka. Wajen ɗora wa talaka doka ba sa nawa. Amma dokar da ke kula da aikin likitan dabbobi tun ta 1966 ce, likitan take kamawa shi kaɗai, kamfanin da ya saye asibitin yake yanka farashi babu ruwanta da shi. Tun 1999 aka buɗe ƙofa wanda ba likita ba ma ya mallaki asibitin dabbobi, masu jari suka shigo suna saye ɗaya bayan ɗaya. Hukumarsu ta sa ido kan gasar kasuwa, CMA, da bakinta ta ce a 2013 kusan kashi 10 ne na asibitocin ke hannun manyan kamfanoni, yanzu kusan kashi 60 na hannun guda shida kacal. Kuma sai su bar tsohon sunan a jikin allo, kana ganin asibitin unguwa ne na wani dattijo ashe tuni an sayar, ka fita ka je na gaba don neman sauƙi ka tarar duk ubangidansu ɗaya. Ita dai hukumar ta ce farashi ya tashi da kashi 63 tsakanin 2016 da 2023. Albashin wa ya tashi haka? Tun Satumbar 2023 suka fara bincike, mutum dubu 56 suka rubuta musu, shekaru suka yi ta tafiya ana zama ana tashi ana fitar da rahoto, mu kuma ana miƙo mana na'urar kati da tsakar dare.

Likitocin kansu ban ga laifinsu sosai ba, yarinyar da ta duba Kwalli idonta ja wur don gajiya, har ƙasa ta durƙusa tana lallashin autata. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ita ma aiki take wa wasu da ba su taɓa riƙe mage ba.

Wai akwai asibitocin agaji masu duba dabba kyauta ko da rangwame. Eh akwai, amma yawanci sai ka nuna kana karɓar tallafin gwamnati, mu kuma bizarmu ƙarara ta haramta mana tallafin. Haraji dai muna biya daidai da kowa. Ka juya gida ka yi kuka a ce kai da kake Turai, ana ganin kamar a titi muke tsintar fam, na faɗa wa yayata a waya ta ce miliyan nawa ke nan a naira, a kan mage? Ta yi salati ta ce da kin turo an sayi shanu. Ban ce mata komai ba don na san halin da ake ciki a can, amma abin ya soke ni. Mu ma a gida sai mun gyara, yaro ya jefi kyanwa da dutse manya na zaune ba mai tsawatarwa, jaki ya yi gyambo a baya a ci gaba da lafta masa kaya, alhali addininmu ne ya fara ce mana akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ko fita ba zan iya ba. In na soke na koma wani kamfanin, yanzu kam ciwon ya zama tsoho da gaske, da wuya a samu mai karɓarsa, kuma likita ta ce yana iya dawowa, ga abinci na musamman da aka ɗora shi a kai ɗan buhu fam talatin da wani abu. In na zauna kuma ina ciyar da mutanen da suka ce in nemi mai karanta min takarda. Sati takwas doka ta ba su su ba ni amsar ƙarshe a rubuce, daga nan zan kai su gaban Financial Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi, kyauta ne kuma wata shida gare ni in shigar. Na riga na nemi asibitin su ba ni fayil ɗin gaba ɗaya, na nemi kamfanin su turo min rikodin ɗin wayar yau tunda su suka ce suna naɗa, ina so wani ya zauna ya saurari inda ta ce a nemo min mai jin Turanci. Ga Kwalli nan kwance kan sallayata an aske masa hannu ɗaya inda aka sa ruwa, gashin bai gama fitowa ba, ranar ɗaya ga wata kuma za su sake zarar fam 31.