Yadda na auna darbejiyar gidanmu

Saiwar darbejiyar da ke tsakar gidanmu ta fara tsaga katanga, uwargida kuma ta kafe a kan sai an sare ta kafin damina. Abin da ya hana ni barci shi ne katangar maƙwabcinmu Alhaji, wadda ke da nisan mita 15 daga gindin bishiyar, domin idan tsawonta ya wuce haka, da sulhu da kuɗin bulo duk a wuyana za su faɗo.

A nan ne na tuna da tirigonometiri, lissafin alwatika da muka sha bulala a kansa a sakandare. Da shi masu safiyo suke auna faɗin kogi ba tare da sun tsallaka ba, an kuma ce Talis, masanin Girka, da inuwa kawai ya gano tsawon dalar Masar. Ƙa'idar da nake buƙata mai sauƙi ce: idan mutum ya hangi ƙololuwar abu a kusurwar digiri 45, to nisansa daga gindin abin daidai yake da tsawon da ya rage daga saitin idonsa zuwa sama. Na ninke takarda mai kusurwa huɗu daidai ta zama alwatika, na kanga ta a ido, na fara ja da baya.

Tsakar gidan bai isa ba, don haka na fita ta ƙofar baya ina ci gaba da ja, ido ɗaya a rufe, kai a ɗage. Kafin in ankara yaran unguwa sun jeru a bayana kowa na kallon sama, wani dattijo kuma ya tsaya ya tambaye ni ko an ga wata ne, alhali ana tsakiyar Rajab da rana tsaka. Ban amsa ba, saboda ƙololuwar ta kusa hawa kan bakin takardar. A daidai lokacin da ta hau, dugadugina na hagu ya sami inda murfin kwata ya ƙare. Na tafi da baya har gwiwa cikin baƙin ruwa, amma takardar tana sama ban bari ta jiƙe ba, na kuma daka wa yaran tsawa kada wanda ya taɓa takalmin da ya rage a bakin ramin, domin shi ne alamar awo.

Da na auna daga takalmin zuwa gindin bishiyar na sami mita 12 da rabi, na ƙara tsayin idona, aka tashi a mita 14. Katangar Alhaji ta tsira da mita guda.

Washegari Baba mai faskare ya zo, na shimfiɗa masa bayani tiryan-tiryan har da zane a ƙasa. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, "Malam, ai a cikin gari ba a kayar da bishiya ɗungurungum, reshe-reshe muke sauke ta da igiya." Ya ɗaga kai ya sake dubanta, ya tambaye ni mita nawa na ce. Na maimaita masa cikin alfahari. Sai ya ce shi a idonsa bai yi zaton ta kai goma ba, amma tunda mai ilimi ya auna, kuɗin da suka yi ciniki jiya da uwargida ba zai yi ba.