Digirin digirgir a waje: a fara da lissafin ranar dawowa

Ƙannena masu neman gurbin digirin digirgir a ƙasashen waje, musamman ku da ke koyarwa a KASU da ABU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tambayar da kuka fi yi ita ce: Ingila ko Jamus ko Malesiya? A ganina ba ita ce ta farko ba. Malamin da zai duba aikinka, da batun da za ka bincika, da dabarar da za ka koya, su ne za su bi ka har ƙarshen aikinka. Sunan ƙasa a kan takarda kawai yake tsayawa.

Bambancin ƙasashen a taƙaice yake. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kusan duka bincike. A Amurka ana kai biyar ko shida, domin sai an yi darussa da jarrabawar cancanta tukuna. A Jamus sau da yawa kamar ma'aikaci ake ɗaukar ɗalibi a cikin aikin farfesa.

Malamin kuwa, a bincike shi kamar yadda ake binciken gidan da za a nemi aure. Ka duba abin da ya wallafa a shekaru biyar na baya. Sunayen ɗalibansa ne a farkon takardun, ko shi kaɗai ke gaba? Yana da kuɗin bincike da zai kai ƙarshen karatunka? Ka rubuta wa tsofaffin ɗalibansa biyu ko uku, ka tambaye su sau nawa yake zama da su a wata, kuma kwana nawa babi ke yi a hannunsa kafin ya dawo da gyara. Babban farfesa mai ɗalibai ashirin da kullum yana kan jirgi zai iya barin ka shekara guda kana lalube. Matashin malami mai ɗalibai uku sau da yawa ya fi amfani.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen batu. Yaro mai ƙwazo ya tafi, aka ba shi aikin da ba ya yiwuwa sai da na'urar da ko a can jami'o'i ƙalilan ke da ita. Ya gama lafiya, ya dawo Zariya ko Kaduna, sai ya tarar ba shi da inda zai ci gaba. Bayan shekara uku ya koma koyarwa da duba takardun jarrabawa kawai, binciken ya mutu. Ba lalaci ba ne, tun ranar zaɓen batu aka yi kuskuren. Alhali muna zaune a kan tambayoyin da masana na waje ke neman abokan aiki a kansu: sammore da ƙudan tsando, waɗanda cibiyar binciken cutar sammore (NITR) a nan Kaduna ta daɗe tana aiki a kai, ƙuduji da ke cinye dawa da masara, wanda masu binciken noma na Samaru suka sani ciki da bai, kiwo a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ingancin ruwa a cibiyar albarkatun ruwa ta Mando. Wanda ya ɗauki irin wannan batu, filin aikinsa yana gida, kuma malaminsa na can zai ci gaba da buƙatarsa bayan ya dawo. Marigayi Farfesa Andrew Nok a ABU ya yi aikinsa kan ƙwayar cutar sammore, kuma aikin ya kai shi ga lashe kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009.

Shi ya sa nake ganin tsarin raba karatu tsakanin gida da waje ya cancanci a fi kula shi. Tallafin Commonwealth yana da irinsa, wata 12 a Ingila alhali rajistarka tana jami'ar gida, DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, ita ma tana da nata. Tun da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, wannan hanya ta ƙara daraja.

Idan samfuri za ka ɗauka daga nan, jini ko ƙasa ko iri, kada ka cusa shi a jaka ka hau jirgi. Ana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a ɗebi komai daga jikin mutum ko dabba, da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfuri tsakanin jami'o'in biyu, wadda za ta faɗi wa ya mallake shi da abin da za a yi da ragowarsa. Manyan mujallu suna mayar da takarda saboda rashin lambar wannan izini, kuma ba a bayar da shi bayan an gama aiki.

Sai shekarar ƙarshe, wadda yawanci ake ƙarar da ita wajen rubuta kundi kaɗai. A cikinta ya kamata ka fitar da takarda biyu aƙalla, tun jami'ar can tana biya maka kuɗin wallafa, domin wasu mujallu suna karɓar dubban daloli. Ka kwafe bayananka a wuri biyu, ka rubuta matakan kowane gwaji dalla-dalla har da sunan kamfanin sinadari da lambarsa. Ka zauna da ma'aikacin ɗakin gwaji ka koyi gyara da daidaita na'ura, domin a nan ba injiniyan kamfani da zai zo gobe. Ka roƙi malaminka ku rubuta neman tallafi guda tare kafin ka tafi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake tsara kasafin bincike ba ya tsoron neman tallafin TWAS, ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, ko asusun bincike na TETFund.

Da ka dawo, wuta ce jarrabawar farko. Sinadaran PCR, gwajin ninka ƙwayoyin gado na DNA, suna son sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, wasu samfuran kuma 80. Dare ɗaya aka ɗauke wuta janareto bai tashi ba, aikin shekara ya narke. Don haka kuɗin farko da ya shigo, a sa shi a sola da batura da na'urar daidaita wuta kafin a sayi sabuwar na'ura. Odar sinadarai kan ɗauki watanni, kuma idan ƙanƙarar da aka naɗo su da ita ta ƙare suna jiran kwastan, sun lalace ko da kwalbar tana rufe. Ka yi oda tare da wasu sassa, ka raba samfuri mai muhimmanci a firiza biyu a gine-gine daban, sannan ka tambayi ɗakin karatun jami'arku lambar shiga Research4Life, tsarin da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa mujallun kimiyya, tun makon farko, kafin jami'ar can ta rufe maka hanyar karanta mujallu.