Na sayi fim, mabuɗin yana hannun wani

Da za mu je ƙauye gaisuwar Sallah, na biya kuɗi a wata manhaja na sauke finafinan Hausa biyu a wayata, don in kunna wa Inna da daddare. Da gangan na yi. Shekara da shekaru mai cajin waya na bakin layinmu ke tura min finafinai a memori, har abin ya fara damuna, don ko sisi ba ya isa hannun waɗanda suka sha rana suka yi aikin.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma, yara suka kewaye ni, na danna. Wai sai na kunna data an tabbatar ni ne na saya. Abin da ke zaune cikin wayata fa, ya cinye min wuri! Na fita gindin darbejiya ina ɗaga waya sama har sabis ya kawo. Nan ma shiru, domin datar da ta rage min mai arhar nan ce, ta WhatsApp da Facebook kawai. Saƙo na shiga, hoto na buɗewa, manhajar fim ko motsi. Ƙarshenta ƙanena ya zaro memorinsa na wajen mai caji, aka sha kallo har sha ɗaya. Inna ta ce, "To kai ɗan nan, naka na kuɗin ne ba ya yi?"

Wannan kwaɗon da ake datse fim ko littafi da shi, DRM ake ce masa. Ban ga laifin furodusa ba. Duk wanda ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai a Kano ya san zafin da ya ji. Amma dubi wanda kwaɗon ya kama. Mai kofin sata ya kalla lafiya lau, ni da na biya nake yawo cikin duhu. Haya ce aka laƙaba mata sunan saye. A 2019 da Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai na intanet, waɗanda mutane suka saya sun daina buɗewa, sai kuɗinsu aka mayar musu.

Batun datar ma ya fi ci min rai. Akwai ƙa'idar da ake ta ja-in-ja a kanta a duniya, cewa kamfanin sadarwa hanya ce, bai kamata ya zaɓa maka gidan da za ka shiga ba. A Fabrairun 2016 hukumar sadarwar Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa shafin da mutum ya buɗe, abin da ya kawo ƙarshen Free Basics a can, wato tsarin Facebook na buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. A 2016 ɗin ce ya shigo Najeriya, muka ce marhaba. Amurka kuwa ta mayar da ƙa'idar doka a 2015, ta soke a 2017, ta dawo da ita a 2024, kotu ta rushe ta a Janairun 2025. Su dai ana gardama. Mu ko zancen ba ma yi.

Ba zan ce wa mai ƙosai ta bar data mai arha ba, balle bayan hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025. Da babu gara ba daɗi. Sai dai ku lura da abin da ke faruwa a gurup ɗin gidanku: a turo labari, a danna a ga asalinsa ya ƙi buɗewa, sai a tura gaba da kanun kawai, wani ya ɗora da muryarsa. Yaron da ya buɗe ɗan shafinsa na labarai a Zariya kuma, ta ina zai yi gogayya da wanda shiga gidansa ta fi arha?

Inna ta riga ta aiko a kawo mata ci gaban fim ɗin. Zan biya a manhaja saboda masu aikin, sannan in biya ta wajen mai caji in karɓi wanda zai kunnu.