Karen da yake amai bayan cin abinci, mu duba yadda muke ciyar da shi

'Yan uwa na Gadarif, Mai Wurno, Damazin da duk inda ake noma da kiwo a ƙasar nan ta Sudan, yau maganata a kan karnukanmu ce. Na san wani zai ce tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mutum ma da ƙyar yake samun dawa, wa ke ta kare. Ni ina ta tasa, domin shi ne yake kwana a waje yana tsare mana tumaki da tarin riɗi muna barci.

Ga abin da ake yi a gidaje da yawa. Kare ya yini bai sa komai a baki ba. Bayan isha'i sai a tattara sauran asida (tuwo) da kisra (gurasar dawa) da miya a juye masa lokaci ɗaya, wani sa'in karnuka uku a kwano guda. Kafin ka waiwaya ya share. Can sai ya sunkuyar da kai, abincin ya dawo yadda ya shiga. Yaro ya ɗauki dutse, babba ya ce haɗama ce, wani ya ce guba aka ba shi, wani ya fara zancen hauka. Ba wanda ya tambayi tun yaushe rabonsa da abinci.

Allah bai halicci kare da tauna irin tamu ba. Haƙora 42 ne a bakin babban kare, aikinsu yaga da datsewa, muƙamuƙinsa kuma sama da ƙasa kawai yake motsi, ba ya niƙa. Idan yunwar yini guda ta haɗu da tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi, sai ya riƙa haɗiyar manyan lomomi tare da iska, har hanyar abinci ta kasa ɗauka ta maido. Irin wannan za ka gane shi: yana zuwa jim kaɗan bayan ci, ba yunƙuri, abincin bai narke ba, karen kuma garau yake, sau da yawa ma ya koma ya cinye. Amai na gaske daban ne. Miyau zai dalalo, ya yi ta lasar leɓe, cikinsa yana bugawa, abin da ya fito kuma yakan haɗu da ruwa rawaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kumburin ciki. Tumbin kare yana iya cika da iska da abinci ya murɗe, ƙofar shiga da ta fita su toshe, jini ya daina isa inda ya kamata. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji sun fi faɗawa wannan, kuma cin abinci sau ɗaya a rana cikin gaggawa yana daga abubuwan da ke ƙara haɗarin. Kare zai yi ta kakarin amai ba abin da ke fita, ciki ya yi tauri kamar ganga, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Wannan ba na jiƙo ba ne, aikin tiyata ne wurin likitan dabbobi, kuma cikin sa'o'i yake kashewa. Da safe a ga gawa a ce maƙwabci ne ya sa guba, gaba ta shiga tsakanin Musulmi biyu a kan zato.

Gyaran bai buƙatar ko fam ɗaya. Abincin nan dai da kake ba shi, raba shi biyu, safe da dare. Baza shi a faffaɗan faranti, ko ka sa wankakken dutse babba, wanda ba zai haɗiyu ba, a tsakiyar kwanon ya riƙa zagaye shi. Kowane kare da kwanonsa, nesa da juna. Idan ya dawo daga kiwo yana haki, bari ya huce tukuna. A bar asida ta sha iska. A cire ƙayar kifi da ƙashin kaza dafaffe, kuma a rage ba shi miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare.

Mu da muke bin mazhabar Malikiyya bai kamata ƙyama ta hana mu wannan ba. Shari'a ta yarda a ajiye kare don kiwo, noma da farauta, kuma a Bukhari da Muslim akwai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Dabbar da ka ajiye tana maka aiki, cinta da shanta suna wuyanka.

In an gyara ciyarwa amma abin bai daina ba, ko karen yana ramewa, ko tari ya biyo baya, ko ɗan kwikwiyo ne yana amai da gudawar jini, a kai shi wurin likita da wuri. Idan kuma halinsa ya canza yana kai cizo, miyau na zuba, ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare.