Jarrabawar Turanci Mai Tsufa da Wadda Ba Ta Tsufa

A ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a da ke arewacin Ingila aka shaida mini cewa takardar Turancina ta tsufa. Ofis ne mai ɗumi, an shimfiɗa masa kafet mai kauri, an jera kujeru masu laushi a jikin bango, ga yayyafin nan nasu da ba ya gajiya yana ta sauka a gilashin taga. Matar da ke zaune gaban kwamfuta ta yi ta ba ni haƙuri cikin fara'a kafin ta bayyana cewa sakamakona na jarrabawar Turanci ta IELTS ya haura shekara 2, don haka ba za a karɓe shi wajen neman digiri na biyu ba. Da Turanci muka yi wannan zance daga farko har ƙarshe, kuma ba ta nemi in maimaita ko kalma ɗaya ba. Wata abokiyar aikina 'yar Sifaniya kuwa ta nemi gurbi a wurin da takardar jarrabawar Turanci ta Cambridge mai suna C1 Advanced da ta samu tun tana sakandare, aka karɓa ba tare da wani ja-in-ja ba.

A gida ba zaɓen jarrabawa muke yi ba, sahu muke bi. Da zarar mutum ya ce zai fita waje, sai a ce masa ya je ya rubuta IELTS, alhali ita ɗaya ce daga cikin da dama. British Council da IDP ta Ostareliya da Cambridge ne ke da ita, makinta yana tsayawa a 9, kuma iri biyu ce, ta masu karatu da ta masu neman aiki ko zama. TOEFL ta hukumar ETS ce ta Amurka, PTE kuma ta kamfanin Pearson, wadda kwamfuta ke duba amsoshinta. Galibi dukkansu shekara 2 ake ba sakamakonsu. Jarrabawoyin Cambridge, irin su C1 Advanced da babbar yayarta C2 Proficiency da ake yi tun 1913, ba su da ranar ƙarewa a jikin takardarsu, ko da yake wasu jami'o'in kan sa nasu wa'adin. Likitoci da ma'aikatan jinya kuma suna da OET, inda za a sa mutum ya rubuta wasiƙar miƙa maras lafiya ko ya yi magana da majinyaci, maimakon a ba shi jadawalin da bai shafi aikinsa ba ya yi sharhi a kai.

Ba zan hana masu sa wannan wa'adi gaskiyarsu ba. Harshen da aka daina amfani da shi yakan dushe, kuma mu ma sakamakon JAMB shekara guda yake yi. Haka nan wanda ke neman bizar aiki a Birtaniya, idan da jarrabawa zai tabbatar da Turancinsa, dole ya zaɓa daga jerin jarrabawoyin da gwamnati ta amince da su, irin su IELTS ta UKVI, wato hukumar biza ta Birtaniya, kuma C1 Advanced ba ta cikin jerin. Saboda haka kafin mutum ya biya ko sisi, ya fara sanin wa zai miƙa wa takardar, ya rubuta musu ya tambaya, ya ajiye amsar. Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar C6 a Turancin WAEC, kuma da yawa daga cikinmu sun kashe kuɗin da ya fi albashinsu na wata a kan jarrabawar da ba a nema daga gare su ba. Idan kuwa an ba mutum zaɓi, ni dai ta Cambridge zan nuna masa, ko da ta fi buƙatar shiri, domin ya sha wahalar sau ɗaya ya huta.

Amma hujjar dushewar harshe ta dace da wanda ya koyi Turanci a matsayin darasi ɗaya a mako sannan ya koma Madrid ya ci gaba da rayuwarsa da Sifaniyanci. Ba ta dace da wanda aka koya wa lissafi da kimiyya da Turanci tun yana firamare ba, wanda aka ci tararsa a makarantar kwana don ya yi Hausa, ya kuma rubuta kundin digirinsa da Turanci. A jerin ƙasashen da Birtaniya ke ɗauka a matsayin masu magana da Turanci akwai Jamaika da Barbados da Malta, amma babu Nijeriya, babu Ghana. Turawan Birtaniya ne suka kawo mana harshen, tun zamanin Kwalejin Katsina iyayenmu ke koyonsa har suka mulki ƙasa da shi, mu kuma muka rage wa Hausarmu lokaci dominsa, sannan a yau ana so mu riƙa biyan kuɗi bayan kowace shekara 2 don mu tabbatar da cewa ba mu manta shi ba.