Zoɓon Iya da injin makaranta

Ɗan boko ya dawo kasuwar Muda Lawal da takarda a hannu bayan sati uku da kai zoɓon Iya makaranta gwaji (biyu a ciki jiran wuta aka yi, ku dai kun san Bauchi). Tun daga nesa Iya mai zoɓo ta fara gyara ɗauri.

Iya: To ɗan nan, nawa ne ya zo na ɗaya ko?

Ɗan boko: Iya ba gasa ba ce, furojet ne. Antioksidan muka auna.

Iya: Anti wa? Ni Anti Ladi na sani, kuma nata ruwa ne tsagwaro.

Ɗan boko: Sinadari ne, irin wanda ke cikin lemun tsami da in an matsa a yankakken tuffa ba ya yin baƙi. Akwai wani ruwa DPPH mai launin shunayya, in an ɗiga masa abu mai ƙarfi sai ya koma ruwan ɗorawa, inji ya karanta a 517.

Iya: 517! Kun ji ko jama'a? Ladi nawa ta ci?

Ɗan boko: Ba maki ba ne Iya, awon haske ne. Garin kuka da zogale nan take suka juya launin ruwan, naki kuwa ko gezau. Iya tsakani da Allah jan nan na zoɓo ne ko kala ce?

Nan fa aka yi tsit, har mai nama ya ajiye wuƙa.

Iya: Injin naku ɗan uwan Ladi ne ke kunna shi?

Ɗan boko: Kar ki damu, ko Amurka ma'aikatar nomansu ta sauke jerin makin ORAC, wani awon antioksidan na abinci, daga intanet a 2012, don abin da ya faru a kwalba ba lallai shi ke faruwa a jikin mutum ba, ga 'yan talla sun mai da shi abin cika baki.

Iya: Yauwa, ashe Amurkawa ma ba su yarda da shi ba. Shekara 22 ina jiƙa zoɓo, har matar kansila aikowa take yi, sai wani inji da ko harshe ba shi da shi zai ɗanɗana min?

Ɗan boko: Iya to ragowar canjina?

Iya: Kuɗin hayar zoɓona da ya kwana a makarantarku fa? Ara min biron nan tukuna.

Washegari jikin kula an rubuta AN GWADA A JAMI'A, YA CI 517, gora kuma ta tashi daga 100 zuwa 150.